Me Ya Sa Shaf Ɗin Injin Bugun Shinkafa Ke Karyewa A Wuri Ɗaya?

Duk wanda ya yi hulɗa da injin bugun shinkafa ƙirar gida a fadamun Kabi, daga Argungu zuwa Suru har Yauri, ya san injin nan ba ta ko'ina yake lalacewa ba. Yana da wuraren da ya saba mutuwa. Shaf ɗin ganga, wato sandar ƙarfen da ke juya gangar nan mai haƙoran bugu, kan karye dab da boris (zoben ƙwallayen da shaf ke juyawa a ciki) na gefen fuli, faifan da bel ke ja. Firam, ƙarafan da ke ɗauke da komai, kan tsage a kusurwar da aka zaunar da injin fetur. Boris kan cinye kansa tun kaka ba ta ƙare ba. Idan haka ta faru, mai injin ya ce mai walda ya sa masa ƙarfen banza, mai walda ya ce yaran aiki ne ke ɗura wa injin dami fiye da ƙima, daga ƙarshe a haɗu a kan cewa ƙarfen yanzu ba shi da nagarta. Sai a sayo wani shaf mai kauri iri ɗaya, a ɗaura shi yadda aka ɗaura na farko, ya sake karyewa a inda wancan ya karye.

Abin da ke karyewa a wuri ɗaya a hannun mutane daban-daban ba tsautsayi ba ne. Yana da dalili, kuma dalilin yana lissaftuwa tun kafin a yanka ƙarfe. Wannan shi ne aikin da injiniyoyin ƙere-ƙere ke yi da alƙalami, sannan da kwamfuta: su gano inda nauyi zai taru a jikin inji, da yawansa, da tsawon lokacin da ƙarfen zai jure. Batun ya shafe mu sosai. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashin noma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, shinkafa ta ƙara bunƙasa a jihar, ga manyan masana'antun gyaranta irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Amma tsakanin gona da ƙofar masana'anta, ƙananan injinan da masu walda ke haɗawa a bakin titi su ne ke ɗauke da babban kaso na wahalar. Injin da ya tsaya kwana uku ana tsakiyar girbin rani, ga damina na ƙaratowa, asararsa ta fi kuɗin shaf nesa ba kusa ba.

Bari mu ɗauki misali da lambobi, domin a nan ne maganar take. A ce ƙaramin injin fetur ne mai juyi 3,600 a minti, da fuli mai faɗin santimita 7.5, yana jan fulin ganga mai faɗin santimita 45. Ganga za ta riƙa juyi 600 a minti. A ce kuma bel ɗin, da ɗaurinsa da jan aikinsa, yana fizgar fulin da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 60. Shaf ɗin mai kaurin milimita 25 ne, wanda ke shiga boris mai lamba 205. Idan fulin yana nesa da boris da santimita 10, lissafin lanƙwasa da kowane ɗalibin injiniya na shekara ta biyu ya sani zai ba da matsi kusan megafaskal 39 a fatar shaf ɗin. Megafaskal ɗaya kamar nauyin giram 100 ne a kan kowane murabba'in milimita. Idan aka tura fulin waje zuwa santimita 20, don kawai bel ya daidaita da inda aka zaunar da inji, matsin ya ninka ya koma 78.

Ƙarfen da aka fi amfani da shi ba ya fara lanƙwashewa sai matsi ya kai wajen 250. To 78 ai da sauran tazara mai yawa. Me zai karya shi?

Juyin ne. Bel yana jan shaf ɗin ta gefe ɗaya kullum, amma shaf ɗin yana juyawa. Ɗigon da ke sama ana miƙe shi, da ya zagayo ƙasa ana danne shi, ya sake komawa sama a sake miƙe shi. Kowane juyi ɗaya, ƙarfen ya tafi daga ja na 78 zuwa danni na 78, wato ya yi zirga-zirgar 156. Wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san ba ja ake yi ba, lanƙwasawa ake yi gaba da baya har ta rabu. Haka shaf yake mutuwa, sai dai lanƙwasar tasa ido ba ya ganinta. A juyi 600 a minti, awa ɗaya ta ba da 36,000. Aikin awa takwas ya ba da 288,000. Kafin mako ya cika an haye miliyan biyu. Wannan ciwo shi ake kira gajiyar ƙarfe, kuma shi ne ke kashe mafi yawan sassan inji masu juyawa.

Turawa ma da hasara suka koye shi. A 1842 gatarin ƙafar wani jirgin ƙasa ya karye kusa da garin Versailles a Faransa, mutane da dama suka mutu. Shekara guda bayan haka injiniya William Rankine ya nuna cewa irin waɗannan sanduna daga kusurwa mai kaifi suke fara tsagewa, inda kauri ya sauya farat ɗaya. Daga baya August Wöhler na Jamus ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi yana ƙirga juyin da suke yi kafin su karye, har ya tabbatar da cewa yawan maimaitawa da girman zirga-zirgar matsi su ne ke yanke hukunci. Darasin bai zauna ba sai da ya maimaita kansa a sama: a 1954 jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse suna cikin tafiya. Masu bincike suka nutsar da gangar jikin wani jirgin a katafaren tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa, har tsaga ta fito daga kusurwar wata kafa a jikinsa.

Yanzu a dawo kan injinmu. Me ke wurin da shaf ke karyewa? Sau da yawa ɗaya daga cikin abu uku ne: kafaɗa mai kaifi da mai injin feƙe ƙarfe ya bari inda ya rage kauri don boris ya shiga, ko ramin makullin fuli, ko kuma walda. Waldar ita ta fi muni. Idan fuli ya fara sakaka, abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗiga masa walda a jikin shaf a huta. Amma bakin walda cike yake da ƙananan tsaga da ido ba ya gani, kuma zafin ya bar ƙarfen wurin a ɗaure bayan ya huce. Ƙa'idojin ginin ƙarfe na Turai suna ƙiyasta cewa inda aka liƙa wani abu da walda a jikin ƙarfe, zirga-zirgar matsin da zai jure har juyi miliyan biyu wajen 80 ce ko ƙasa da haka. Mu kuwa muna da 156. Ba sai an tuhumi mai sayar da ƙarfe ba.

Karyayyen shaf ma yana ba da shaida da kansa, in an ɗauke shi an duba maimakon a jefa wa 'yan gwangwan. Fuskar karayar kashi biyu ce. Wani ɓangare sumul yake, wani lokaci da duhun tsatsa ko baƙin mai, da siraran layuka masu lanƙwasa suna bin juna daga gefe zuwa ciki. Nan ne tsagar ta yi kwanaki tana rarrafe. Ɗaya ɓangaren kuwa gautsi ne, mai kaushi, mai haske, shi ne ragowar da ya ɓalle lokaci ɗaya. Bi layukan nan baya, za su kai ka daidai ɗigon da ciwon ya fara. Idan ɓangaren sumul ya fi girma, nauyin bai yi yawa ba, kaifin kusurwa ko walda ne suka jawo. Idan mai kaushin ya fi girma, shaf ɗin ya yi wa aikin ƙanƙanta.

Maganin kuma lissafin ne ke nuna shi. Ƙarfin shaf wajen jure lanƙwasa yana tafiya da kaurinsa sau kaurinsa sau kaurinsa. Daga milimita 25 zuwa 30 ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne a ido, amma juriya ta ƙaru da kusan kashi 73. Ƙarin nauyin ƙarfen a mita ɗaya bai kai kilo biyu ba, sai kuma a koma boris mai lamba 206. Idan aka haɗa da matso da fuli zuwa santimita 10, matsin nan na 78 ya sauko ƙasa da 23. Matso da fulin ma ba ya cin ko sisi, wurin zaman inji kawai za a gyara. Akwai kuma wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: sayen ƙarfe mai tsada ba ya rage lanƙwasa. Kusan duk ƙarafan da ake yin shaf da su taurinsu wajen lanƙwasa ɗaya ne, bambancinsu yana wajen matsin da za su ɗauka kafin su lalace. Shaf mai rawa, kauri yake nema ko a matso da boris.

Sai batun rinjayen ganga. Haƙoran da ake waldawa a jikinta ba sa zuwa da nauyi ɗaya, wani ma ya karye a gona a maye shi da guntun rodi. A ce gefe ɗaya ya fi ɗaya da giram 200, a nisan santimita 25 daga tsakiya. A juyi 600, wannan giram 200 yana fizgar boris da ƙarfin kusan kilo 20, sau goma a kowace daƙiƙa. Idan mai aiki ya ƙara wuta ganga ta kai juyi 900 don a gama da wuri, fizgar ta koma kilo 45, domin tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Shi kuwa boris mai ƙwallaye, idan nauyin da ke kansa ya ninka biyu, rayuwarsa ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas take komawa. Shi ya sa za ka ga ana sayen boris ana zagin kamfanin da ya yi shi, alhali gangar ce ba a daidaita ba. Ɗora ta a kan boris ɗinta ba bel, a juya da hannu a bari ta tsaya. Idan kullum gefe ɗaya ke komawa ƙasa, an ga mai laifi.

Duk wannan da takarda da kalkuleta aka yi shi. To ina amfanin kwamfuta?

Amfaninta yana farawa ne inda siffa ta fi ƙarfin lissafin hannu. Shaf sanda ce miƙaƙƙiya, tana da ƙa'ida a littafi. Amma firam ɗin da aka haɗa da ƙarafa goma sha, da faranti mai ramuka, da maƙallan inji, ba shi da ƙa'ida guda. Dabarar da aka samo ita ce a zana abin a kwamfuta, a daddatsa shi gutsi-gutsi zuwa dubban ƙananan yankuna masu sauƙin siffa, kowanne a san yadda yake miƙewa idan an ja shi, sannan a ɗaure lissafinsu wuri ɗaya kwamfuta ta warware. Dabarar ta fito fili ne daga masu ƙera jiragen sama a Amurka, a wata maƙala ta 1956, kuma Ray Clough na jami'ar Kalifoniya ne ya raɗa mata suna a 1960. Yau tana cikin manhajoji irin su ANSYS da Abaqus da SolidWorks, akwai kuma na kyauta irin FreeCAD da CalculiX da kwamfutar ɗalibi za ta iya ɗauka. Sakamakon kan fito da launuka, ja inda matsi ya taru, shuɗi inda ƙarfe ke hutawa. A cikin yini ɗaya za a iya gwada firam iri goma, a ga ko ɗan tokari a kusurwa ya fi ƙara kaurin ƙarfen gaba ɗaya, ba tare da an ƙona sandar walda ko ɗaya ba. Sau da yawa ma hoton kan nuna inda aka zuba ƙarfe a banza, wanda cire shi zai sauƙaƙa wa masu ɗora injin a kan amalanke zuwa cikin fadama.

Kwamfuta tana kuma iya faɗin gudun da firam zai fara rawa da kansa. Kowane gini na ƙarfe yana da adadin kaɗawar da ya fi so a daƙiƙa. Ganga tana bugunsa sau 10 a daƙiƙa, inji kuma sau 60. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi daidai da abin da firam ɗin ke so, girgiza ta ninka kanta, noti su kwance, walda ta tsage. Masu aiki sun san wannan a aikace: akwai wani gudu da injin ke haukacewa, da an wuce shi ko an sauko ya lafa. Lissafin yana nuna inda za a sa tokari don a kawar da wannan gudu daga inda ake aiki.

Amma a nan ne nake da damuwa, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Hoton nan mai launi yana da kwarjini. Ɗalibi ya kawo shi a kundin kammala karatu, ja da kore da shuɗi, kowa ya gyaɗa kai. Kwamfuta kuwa ba ta san fadama ba. Abin da aka faɗa mata shi take amsawa, kuma ko tambayar ba daidai ba ce za ta amsa da kyakkyawan hoto. Idan ka ce mata ƙarshen shaf a kafe yake kamar an binne shi a siminti, alhali a kan boris yake mai ɗan sassauci, matsin zai fito a inda ba nan yake ba. Idan ka zaɓi sabon ƙarfe daga jerin da ke cikin manhaja, alhali mai walda daga tsohuwar mota ya ciro nasa, lambobin na wani inji ne daban. Idan ka zana walda a matsayin ƙarfe lafiyayye da ya haɗe sumul, ka ɓoye ainihin wurin da zai tsage. Idan gutsattsarin sun yi girma a kusurwa, matsin zai fito ƙasa da gaskiya. Idan kuma ka zana kusurwa mai kaifi tsaf, duk sanda ka ƙara ƙanƙanta su lambar sai ta ƙara hawa ba iyaka, wanda shi ma ba gaskiya ba ne. Mafi yawa kuma, gwajin da ɗalibai ke yi na nauyi ne a tsaye, sau ɗaya. Zai ce 78 bai kai 250 ba, lafiya lau. Mun riga mun ga yadda wannan amsa ke ƙarewa.

Kada a ɗauka ƙananan ɗalibai kawai wannan ke kamawa. A watan Agusta na 1991, gindin siminti na dandamalin haƙar mai da gas mai suna Sleipner A ya nutse a wani mashigin teku kusa da Stavanger a Norwe, ana cikin gwada shi. Bincike ya gano cewa lissafin kwamfutar ya rage matsin da ke kan wasu bangaye da kusan kashi 47 cikin ɗari, saboda yadda aka daddatsa wurin bai dace ba, ga kuma rodin da aka sa a wurin bai wadatar ba. Asarar ta kai wajen dala miliyan 700. Ƙwararru ne suka yi aikin, da manhaja mai suna. Ɗan lissafin hannu a kan wannan bango da ya nuna akwai matsala.

Don haka tsarin da na yarda da shi shi ne hannu ya riga kwamfuta. A fara ƙiyasi a takarda, ko da na gurguje ne. Idan kwamfuta ta ba da 40 inda takarda ta ba da 39, a ci gaba. Idan ta ba da 8 ko 400, a tsaya a nemo dalili kafin a buga hoto. A maimaita gwajin da gutsattsari ƙanana a ga ko amsar ta zauna. A duba ko nauyin da ƙafafun firam suka ɗauka ya yi daidai da wanda aka ɗora. Sannan a bar rara, ninki biyu ko uku, saboda abin da ba a sani ba.

Abin da ba a sani ba kuwa yana da yawa, kuma mafi yawansa yana bakin mutanen da ba a tambaya. Nawa ne nauyin da ke hawa shaf idan jiƙaƙƙen dami ya shaƙe ganga ta tsaya cak, inji na ci gaba da ja? Yaya ake ɗaure bel a gona, da ma'auni ko da sanda ake banƙare inji har sai ya yi tauri? A kan me ake zaunar da injin, ƙasa mai laushi ko kunya mai tudu da ke murɗe firam? Ba manhajar da ke da waɗannan amsoshi. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko na jami'ar Aliero, da zai je garejin walda ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ku nuna mini inda ya fi karye muku," zai ji an ce masa, "Zo ka gani, ɗana, nan ne kullum, bayan boris," a jawo masa guntaye biyar daga ƙarƙashin benci. Waɗannan guntaye sun fi duk wani zato da zai shigar a kwamfuta daraja. Shi ma mai waldar yana da abin karɓa: ba wanda ya taɓa nuna masa da lamba cewa tazarar santimita goma ce ke cinye masa suna a wurin masu saye.

Haɗuwar nan ta taɓa yin aiki a yankinmu na Afirka ta Yamma. Injin bugun shinkafa mai tura kara ta tsawon ganga ya samo asali ne daga cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin a shekarun 1970. A kwarin kogin Senegal, masu bincike na cibiyar shinkafa ta Afirka da hukumomin ƙasar suka zauna da maƙeran gari da manoma suka gyara irinsa ya dace da shinkafarsu da ƙarfen da ke kasuwarsu, aka fitar da shi a 1997 da sunan ASI, ya bazu zuwa ƙasashe maƙwabta.

Akwai ɓangaren da har yanzu gona ta fi kwamfuta iya faɗa, wato abin da ke faruwa da ƙwayar shinkafar kanta. Ana iya kwaikwayon iskar fanka a ga inda take juyawa ta dawo da ƙaiƙayi, ana ma iya kwaikwayon ƙwayoyi ɗaya-ɗaya suna karo da haƙora, amma wannan yana son kwamfuta mai ƙarfi da ma'aunai na irin shinkafar da ake nomawa a nan. Ganga mai faɗin rabin mita a juyi 600, bakin haƙoranta na gudun kusan mita 16 a daƙiƙa. A ƙara gudu, bugu ya yi tsabta amma ƙwaya ta tsage a cikin ɓawonta, ba za a gani ba sai a wurin gyara ta fito gutsattsari farashi ya faɗi. A rage, ta bi kara ta zube. Danshi ma yana sauya komai: shanshera da aka yanka da danshin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba ta karɓar duka kamar wadda ta kwana biyu a rana tsakiyar Afrilu. Fanka kuma idan aka ninka gudunta, iskar ta ninka biyu amma ƙarfin da take ci daga inji ya ninka takwas. Hanyar sanin daidai ita ce a shimfiɗa tamfol a bakin fitar kara, a buga dami mai sanannen nauyi a gudu uku daban-daban, a auna abin da ya shiga buhu da abin da ya bi iska, a ɓare ƙwaya ɗari daga kowanne da hannu a ƙirga masu tsaga. Gudun da ya yi nasara shi za a mayar cikin lissafin shaf da boris, a ga ko kaurin da aka zaɓa zai ɗauke shi har ƙarshen kaka.